Yadda Za Ka Bi Haƙƙinka Idan Za a Kafa Turken Sadarwa a Unguwarku

Galibi mutanen unguwa ba sa samun labarin za a kafa turken sadarwa, wanda jama'a suka fi sani da ƙarfen sabis, sai ranar da suka wayi gari suka ga an kewaye wani fili da kwano, an sauke tsakuwa da rodi, leburori sun fara haƙa rami mai faɗi. Daga nan sai maganganu su tashi a majalisa da ƙofar masallaci: wani ya ce a tafi wurin mai unguwa, wani ya ce a kai ƙara ofishin 'yan sanda, wani kuma ya ce kamfani ya fi ƙarfin talaka, a bar wa Allah. Kafin a tsayar da shawara ɗaya an riga an zuba kankare, ƙarfe ya miƙe sama. Alhali kuwa a Najeriya akwai dokoki rubutattu da suka faɗi inda za a kafa irin wannan turke da inda ba za a kafa ba, akwai kuma hukumomin da aikinsu ne su tabbatar an bi su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin maganar maƙwabci ta fi nauyi matuƙa kafin a zuba harsashi, lokacin da sauya wuri bai zama asarar miliyoyi ga kamfani ba.

Fara da sanin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Abin da ya fi ɓata wa masu ƙorafi lokaci shi ne kai kuka inda ba a da ikon share hawaye. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya harkar tarho da sadarwa ta iska cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka ba da lasisi da rabon zangon iska da ƙa'idojin fasaha na turken kansa duk suna hannun Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, wadda aka kafa a 1992, take kuma aiki yanzu da dokar sadarwa ta 2003. Sai dai turke ba a iska yake tsaye ba, a kan ƙasa yake, kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan a aikace ita ce, lasisin NCC ba ya ɗauke wa kamfani neman izinin gini daga hukumar tsara birane ta jihar da zai yi aiki, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine a Abuja, da takwarorinsu a sauran jihohi.

Ɓangaren muhalli yana wurin NESREA, hukumar da aka kafa a 2007 domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli, tare da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya wadda ke kula da binciken tasirin ayyuka a kan muhalli bisa dokar 1992. Tsayin turke kuwa, musamman a garuruwan da ke da filin jirgin sama kamar Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, sai da takardar amincewar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA.

Mai unguwa da dagaci da hakimi ba su da ikon ba da izinin kafa turke a doka, kuma ba su da ikon soke shi. Amma kada wannan ya sa ka tsallake su, domin takardar ƙorafin da ta fito da sa hannun mai unguwa da limami da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa ta fi ta mutum ɗaya kwarjini a kowane ofis, kuma sau da yawa wakilan kamfani sukan fara kai gaisuwa wurinsu kafin su taɓa ƙasa, saboda haka suna iya sanin abin da kai ba ka sani ba.

Gano mai turken

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kowane turke na kamfanin layin waya ne. A farkon zuwan wayar salula, daga 2001, haka abin yake, amma daga baya yawancin manyan kamfanonin layi sun sayar da akasarin turakunsu ga kamfanonin da sana'arsu ita ce mallakar turaku da ba da hayarsu, irin su IHS da ATC. Turke guda yana iya ɗauke da eriyoyin kamfanoni biyu ko uku, alhali mai shi daban ne, ɗan kwangilar da ke haƙa ramin kuma daban. Ka duba allon da ke jikin ƙofar wurin, inda ake rubuta sunan mai turken da lambar wurin. Ka rubuta wannan lamba ka adana, domin da ita kamfani da hukumomi suke gane wurin a cikin bayanansu. Idan aikin sabo ne ba a kafa allo ba tukuna, ka tambayi injiniyan da ke kula da aikin cikin ladabi, ka nemi sunan kamfanin da ya ba su kwangila. Leburori da mai gadi ba su da amsar da kake nema, kuma ba su ne abokan rigimarka ba.

Ɗauko tef ka auna

Nan ne ya kamata ka fi zuba ƙarfinka, domin tazara abu ne da ake aunawa, ba a yin gardama a kansa. Ƙa'idojin da NCC ta fitar a 2009 game da kafa turaku sun ce ba a yarda da turken da ya wuce mita 25 a yankin da aka ware domin gidajen zama ba, sai da izinin hukumar tun kafin a fara, kuma idan an ba da izinin dole a bar tazarar aƙalla mita 5 tsakaninsa da ginin da ya fi kusa, ba tare da lissafa katanga ba. Haka kuma sun ce turakun da suka wuce mita 55 kada su kusanci juna ƙasa da kilomita ɗaya, wanda manufarsa ita ce a tilasta wa kamfanoni su haɗu a kan turke guda maimakon kowa ya kafa nasa a layi ɗaya.

Ƙa'idojin NESREA na 2011 game da wuraren sadarwa da watsa labarai sun fi haka tsauri. Sun nemi tazarar mita 10 daga katangar gidan zama ko wurin kasuwanci ko makaranta ko asibiti zuwa gindin turken, idan kuma babu katanga, mita 12 daga bangon ginin. Wannan bambanci tsakanin mita 5 da mita 10 ya haifar da ja-in-ja mai tsawo tsakanin hukumomin biyu, har a 2012 NESREA ta rufe wani turke a wata unguwa a Abuja, NCC kuma ta je ta buɗe shi. A ganina wannan saɓani talaka ya fi cutarwa, domin ya bai wa mai neman kauce wa doka damar nuna takardar da ta fi yi masa sauƙi. Amma kai mai ƙorafi ba aikinka ba ne ka raba gardamar hukumomi. Aikinka shi ne ka kawo adadi na gaskiya, ka aika wa dukkansu biyu.

Ka samo tef ɗin awo irin na magina, ka gayyaci mutum biyu amintattu su zama shaida, ka auna daga katangar gidanka zuwa inda ƙafar turken mafi kusa za ta zauna, sannan ka sake aunawa daga bangon ɗakin da ya fi kusa. Ka ɗauki hoto tef ɗin yana shimfiɗe, ka rubuta rana da lokaci. Kada ka haura shingen wurin domin awo. Idan ba za ka iya kaiwa ga ƙafar turken ba, ka auna zuwa shingen ka faɗi hakan a takardarka. Ka kuma auna nisan inda za a ajiye janareta da tankin man dizal daga tagar ɗakin kwana da bakin rijiya, domin nan ne matsalar yau da gobe take fitowa. Idan tazarar da ka samu ba ta kai ko mita 5 ba, to hujjarka ta tsaya a ƙarƙashin kowace ƙa'ida daga cikin biyun. A tsofaffin unguwanni masu cunkoso, inda gida ke jingine da gida kuma lungu bai wuce faɗin amalanke ba, da wuya a samu filin da zai cika mita 10 ta kowane ɓangare, shi ya sa a irin waɗannan wurare ake yawan ɗora gajerun turaku a kan benaye. Idan haka za a yi kusa da kai, abin tambaya shi ne rahoton injiniyan gini mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, COREN, wanda ya tabbatar cewa benen zai iya ɗaukar nauyin ƙarfen da kuma bugun iska.

Takardun da za ka nema a nuna

Kamfanin da ya bi ƙa'ida yana da izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, da shaidar binciken muhalli, da takardar tsayi daga NCAA, da yarjejeniyar haya da mai fili. Ba lallai ne ɗan kwangila ya ba ka kwafinsu ba, amma kana da damar rubuta wa hukumar tsara birane ka tambaya ko ta ba da izini a kan wannan fili, kuma wannan tambaya ɗaya takan wadatar, domin idan babu izini hukumar da kanta ce za ta zo ta shafa jan fenti ta dakatar da aikin. Ga hukumomin tarayya irin su NCC da NESREA, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayanin da ke hannunsu a rubuce, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa, ba tare da ka faɗi dalilin nema ba.

Yadda za ka rubuta ƙorafin, da abin da za ka bari a waje

Takarda ta zama shafi ɗaya ko biyu, da Turanci idan zai yiwu tun da shi ne harshen ofis, ɗauke da adireshin wurin, lambar turken ko sunan ɗan kwangila, awon da ka yi, hotuna, da abu guda da kuke nema a fili: a dakatar da aiki har a zo a duba, ko a matsar da janareta, ko a gyara tankin da ke yoyo. Duk wanda abin ya shafa ya sa hannu da sunansa. Ka kai da kanka, ka riƙe kwafi, ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a kan naka kwafin, domin takardar da babu shaidar an karɓe ta tamkar ba a rubuta ta ba ce. NCC tana da ofishin shiyya a Kano ban da hedikwatarta a Abuja, tana kuma da lambar 622 ta karɓar koken masu amfani da waya kyauta, ko da yake maganar turke ta fi buƙatar takarda fiye da kira. NESREA tana da ofisoshi a jihohi.

Akwai abin da nake roƙon mai ƙorafi ya yi hattara da shi. Yawancin takardun da mutanen unguwa ke rubutawa suna farawa ne da cewa turken yana haddasa ciwon daji ko rashin haihuwa ko ɓarin ciki. Na san tsoron na gaske ne, kuma ba na raina uwar da ke kwana da 'ya'yanta a ƙarƙashin ƙarfen da ba ta san abin da yake fitarwa ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa babu gamsasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna cewa raunanan igiyoyin rediyon da ke fitowa daga turakun waya suna cutar da lafiya, kuma da wannan bayani jami'in zai amsa maka ya rufe fayil. Eriyoyin suna harba ƙarfinsu ne zuwa nesa ta gefe, ba ƙasa ba, shi ya sa abin da ke sauka a gindin turken kaɗan ne. Idan duk da haka hankalinku bai kwanta ba, ku nemi NCC ta turo jami'ai su auna ƙarfin igiyoyin a cikin gidajenku su ba ku sakamakon a rubuce, wanda ya fi a gina ƙorafi a kan jita-jita.

Cutarwar da ake iya gani da ido ta fi wannan yawa, kuma ita ce doka ta fi kamawa. Saboda ƙarancin wutar lantarki, turaku da yawa suna dogara da janareta dare da rana, ƙararsa tana hana barci, hayaƙinsa yana shiga ɗakuna, girgizarsa kuma takan tsaga bangon da ke kusa, musamman ginin ƙasa. Man dizal da baƙin mai idan suka daɗe suna tsiyaya sukan bi ƙasa su isa rijiya, har ruwan ya canza wari. Akwai batun tsawa idan ba a binne wayar da ke sauke ta ƙasa yadda ya kamata ba, da fitilar ja ta saman turke idan ta mutu, da tsatsa da kwancewar ƙusoshi a tsohon ƙarfe, wanda guguwar farkon damina ke iya kayarwa a kan rufin mutane. Ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan ka tara shaida: littafin da kake rubuta lokutan da janareta ke aiki, faifan sauti da aka ɗauka daga cikin ɗaki da dare, hoton tsagar bango da kwanan wata, da sakamakon gwajin ruwan rijiya daga ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa. Akwai ƙa'idojin hana yawan ƙara na 2009 da NESREA ke aiki da su, kuma maganin yakan zama mai sauƙi ga kamfani, wato janareta mai rufi da ke rage ƙara, ko batura da farantan hasken rana, ko ɗaga bututun hayaƙi sama.

Ƙananan turakun da bankuna da makarantu da masu sayar da intanet ke kafawa, waɗanda ake ɗaure su da wayoyi ta gefe, su ma suna buƙatar izinin hukumar tsara birane, kuma sun fi manyan saurin lalacewa idan aka yi watsi da su.

Idan filin naka ne

Wani lokaci kai ne dillali zai zo wa da albishir cewa kamfani yana son hayar wani yanki na gidanka ko filinka na shekaru masu yawa, da kuɗin da za a biya dunƙule. Kada ɗokin kuɗin ya sa ka sa hannu a takardar da lauyanka bai karanta ba. Ka tabbatar da wa kake ƙulla yarjejeniya, kamfanin da kansa ko mai shiga tsakani. A rubuta tsawon wa'adi da yadda za a sake duba kuɗin haya, domin kuɗin da ya yi kauri yau zai iya zama ba komai ba bayan shekara goma. A rubuta wanda zai biya diyya idan turken ya faɗi ko mai ya gurɓata rijiyar maƙwabci, a nuna maka shaidar inshora, a kuma rubuta cewa idan wa'adi ya ƙare kamfanin zai kwance ƙarfensa, ya fasa kankaren, ya mayar da filin yadda ya same shi. Idan filin yana da takardar mallaka ta gwamnatin jiha, dokar 1978 ta nemi amincewar gwamna kafin a ba da shi haya ta irin wannan hanya, lauya zai bi maka wannan. Idan kuwa gidan gado ne da ba a raba ba, to sai duk magada sun yarda a rubuce, mata da maza, na gida da na nesa, domin rigingimu da yawa a kan turaku asalinsu ɗan'uwa ɗaya ne ya karɓi kuɗi a ɓoye.

Sannan ka tuna cewa kai za ka karɓi haya, maƙwabcinka kuma shi zai kwana da ƙarar janareta. Hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa ya shafi wannan kai tsaye. Ka sanar da maƙwabta tun kafin ka sa hannu, ka sa a rubuta inda za a ajiye janareta da tanki a cikin yarjejeniyar, nesa da ɗakunansu da rijiyarsu.

Abin da ba za ka yi ba, da matakin ƙarshe

Kada ɓacin rai ya kai ku ga kulle ƙofar wurin da kwaɗo, ko hana motar mai shiga, ko yanke waya, ko taɓa mai gadi. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin bayanai na ƙasa, bisa dokar laifukan intanet ta 2015, saboda haka lalata turke ko hana shi aiki laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari, ya kuma mayar da mai gaskiya abin tuhuma. Ban da haka, turke ɗaya yana ɗauke da kiran dubban mutane da cinikin masu POS da saƙon marasa lafiya. Mutanen Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna sun ɗanɗana rayuwa babu sabis lokacin da aka rufe layuka daga watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, inda wasu suka riƙa tafiya gari mai nisa domin kira ɗaya. Abin da ake nema shi ne a kafa turken inda ya dace kuma a kula da shi.

Idan makonni sun wuce babu amsa, ka sake rubuta takardar tuni ka haɗa da kwafin ta farko mai hatimi, ka aika kwafi ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi, da kuma ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinku. Idan aikin yana ci gaba da sauri kuma awonka ya nuna an saɓa ƙa'ida, lauya zai iya neman umarnin babbar kotu na dakatar da gini har a saurari ƙara, ko ya nemi diyya idan ɓarnar ta riga ta auku. Shi zai tantance kotun da ta dace, ta jiha ko ta tarayya, gwargwadon waɗanda za a shigar cikin ƙarar. Ranar da za ku je wurinsa ku tafi da fayil guda da ya ƙunshi awon da shaidu suka sa wa hannu, hotunan masu kwanan wata, kwafin takardun da aka buga wa hatimi, sakamakon gwajin ruwa idan akwai, da takardar mallakar gidan da abin ya shafa, ku kuma wakilta mutum biyu ko uku da za su riƙa magana da sunan unguwa tun daga farkon shari'ar har ƙarshenta.